An Ƙidaya Matattu, Wa Zai Ƙidaya Kurame?

Cikin watan Maris na 2025 Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwa cewa ciwon sanƙarau ya hallaka mutum 26 daga cikin fiye da 200 da a ke zaton sun kamu, watau 15 a ƙasar Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu. Aka yi ta'aziyya, aka kai magani, damina ta sauka, ciwo ya lafa, kowa ya koma harkarsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma akwai wani lissafi da ya kamata ya biyo bayan wannan, shi ne lissafin yaran da suka tashi daga jinya, aka yi barka aka mai da su gida, sai bayan 'yan makonni uwa ta kira ɗanta daga bayansa ta ga bai waiwayo ba. A kan waɗannan yara mu ke so mu yi magana yau da akawunan ƙananan hukumomi da malaman makaranta na Jega da Aliero da Maiyama, gama su ke riƙe da alƙalami da rajista, su ne kuma mutanen ƙauye ke tambaya in abu ya shige musu duhu.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Muna zaune ne cikin wani yanki da ya miƙe tun daga Senegal har Habasha, inda ciwon kan tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, ya kwanta in ruwa ya sauka. Cikin 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga 2011 aka soma yi wa jama'a allurar rigakafin irin ƙwayar cutar da a ke kira A, ta kuwa yi amfani ƙwarai, sai ga wani iri da a ke kira C ya ɓullo a Jihar Sakkwato cikin 2013, ya shigo Kebbi cikin shekarun da suka biyo. A annobar 2017 an lasafta mutum fiye da 14,000 da a ke zaton sun kamu, da fiye da 1,100 da suka mutu, galibinsu a jihohin Arewa maso Yamma. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara aiki da sabuwar allura mai tsare iri biyar gaba ɗaya. Wannan abin godiya ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane mutum biyar da suka tsira daga wannan ciwo, ɗaya kan fita da wata naƙasa mai daɗewa, kurumta kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa. Duk wanda ya iya lissafin firamare ya auna wannan da yawan waɗanda suka kamu cikin shekarun nan, zai gane ba ƙaramin taro mu ke magana a kai ba.

Ya kamata mu bayyana yadda abin ke faruwa, don a san dalilin gaggawa. Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar halitta mai murɗe kamar katantanwa, girmanta bai fi ƙwayar wake ba, likitoci na ce da ita kokliya. Cike ta ke da ruwa, da waɗansu dubban ƙananan gasu masu rai. In sauti ya shigo ya kaɗa ruwan, gasun su motsa, su mai da motsin ya zama saƙo, jijiyar ji ta kai shi ƙwaƙwalwa. Ƙwayar sanƙarau in ta ratsa ta shiga katantanwar nan sai ta kashe gasun, su kuwa in sun mutu ba su sāke tsirowa. Abin da ya fi wannan muni, wurin da ruwan ya ke yakan soma cikewa da tsoka sa'an nan ya zama ƙashi, wani lokaci cikin makonni kaɗan da tashin yaro daga ciwo. In ƙashi ya rufe hanya, aikin da likita zai iya yi da sauƙi yau sai ya zama mai wuya, ko ya gagara, bayan wata shida ko shekara. Mutanen Aliero, da Allah ya yi wa baiwar ɗori har a ke zuwa wurinsu daga nesa, sun fi kowa sanin wannan: karayar da aka kawo da wuri daban ta ke da wadda aka bari ta haɗe a karkace.

Mene ne aikin da likita zai iya yi? Ga wanda jinsa ya ragu kawai, akwai na'urar ƙara ji, wadda a ke maƙalawa a kunne ta ƙara wa sauti ƙarfi. Ga wanda gasun nan suka mutu ƙurmus, ƙara ƙarfin sauti ba ya fa'ida, kamar ɗaga murya ne ga ɗakin da ba kowa. Domin irinsu aka ƙago na'urar dashen ji. Kashi biyu ce. Ɗaya likita ke binnewa ƙarƙashin fata a bayan kunne, ya zura siririyar waya cikin katantanwar, wayar tana da 'yan bakuna daga 12 zuwa 22, gwargwadon irin na'urar. Ɗayan kashin a waje ya ke, yana ɗaukar sauti ya mai da shi saƙon lantarki, ya aika ciki ta wani faifai da maganaɗisu ke riƙewa a jikin kai. Ta haka a ke tsallake matattun gasu a taɓa jijiyar ji kai tsaye. Wani likitan Amurka, William House, ya gwada irinta ta fari a Los Anjalas cikin 1961. Aka dasa mai bakuna da yawa a Biyana ta ƙasar Ostiriya cikin 1977, Graeme Clark kuma ya dasa tasa a Melbon ta Ostireliya cikin 1978. Hukumar Amurka mai kula da magunguna ta yarda a sa wa yara 'yan shekara 2 cikin 1990, ta sauko zuwa 'yan wata 12 cikin 2000, sa'an nan 'yan wata 9 cikin 2020. A dubi yadda shekarun ke ta raguwa, gama nan darasin ya ke: duk abin da aka koya cikin shekarun nan ya nuna gwamma da wuri. A Nijeriya ma an yi wannan aiki a Jos da Legas da Abuja.

To, amma kada wani ya ɗauka ran da aka yi aiki ran nan yaro zai buɗe baki ya ce baba. Wannan zato ya karya zuciyar iyaye da yawa a ƙasashen da abin ya yaɗu. Ba a ma kunna na'urar sai rauni ya warke, bayan mako biyu zuwa huɗu. Ran da aka kunna, wani yaro ya yi tsit, wani ya fashe da kuka ya fizge abin ya yar, gama abin da ya zo masa ƙara ce marar ma'ana, ba irin jin da mu ke yi ba. Dole a riƙa komawa wurin gwanin ji a kai a kai cikin shekarar fari, yana daidaita ƙarfin kowane bakin waya. Sa'an nan masana suna da wani lissafi da su ke kira shekarun ji, watau a fara ƙidaya daga ran da aka kunna na'ura. A ce yarinya ce aka haifa kurma, aka yi mata dashe tana da shekara 2. Ran da ta cika shekara 3, kunnenta ɗan shekara ɗaya ne, abin da za a nema gare ta kuwa shi ne abin da a ke nema ga ɗan shekara ɗaya.

Mun san yadda lafiyayyen jariri ke hawa wannan tsani. Yana wata shida zuwa tara ya soma gwalantu, ba-ba-ba, da-da-da. Wajen shekara ɗaya ya faɗi kalmar fari. Wajen shekara biyu ya haɗa kalma biyu, ya ce mama zo, ko ba ni. Mai dashe ma wannan tsanin zai hau, ba ya tsallake mataki. Da fari a ga ya tsaya in an buga ƙwarya ko jaki ya yi kuka. Cikin 'yan watanni ya riƙa juyowa in an kira sunansa, ya bambanta muryar uwarsa da ta wani, gwalantunsa ya ƙaru. Fahimta kan riga furuci: zai ɗauko takalmi in an ce ya ɗauko tun bai iya faɗin takalmi ba. Galibi kalmomin fari kan zo cikin shekarar farko ta ji, haɗa kalmomi kuma cikin ta biyu. Binciken likitoci ya nuna waɗanda aka yi wa dashe kafin su cika shekara 2, aka kuwa kula da su sosai, da yawansu kan kamo tsararrakinsu ko su yi kusa kafin shiga makaranta. Bayan shekara uku da rabi abin na ƙara wuya, wanda kuma aka haifa kurma ya wuce shekara bakwai bai taɓa jin kome ba, da ƙyar ne dashe ya ba shi magana, gama sashen ƙwaƙwalwa da aka tanada don ji ya riga ya kama wani aiki. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Yaron da sanƙarau ya kurmantar yana da wata dama da kuma wani hatsari. Damarsa ita ce ya taɓa ji, ƙwaƙwalwarsa ta san magana, in aka mayar masa da ji da wuri yakan ci gaba daga kusa da inda ya tsaya. Hatsarin kuwa, ɗan shekara uku ko huɗu da ya daina jin muryarsa da ta mutane, maganar da ya riga ya koya takan zube cikin watanni, har a wayi gari a ce ciwo ya mai da shi bebe, ko a ce iska ce ta taɓa shi. Harshensa lafiya lau ya ke. Kunne ne ya rufe, baki ya bi shi.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu musamman. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya mu ke raba kukan yaro da kukar miya, da wuyan riga da wuyar aiki. Da jan wasali mu ke raba garin Jega da garin tuwo. Na'urar dashe tana isar da tsawon sauti da kyau, amma ba ta da ƙarfi wajen isar da hawa da saukar murya, an kuwa tabbatar da haka ga yaran Sin, waɗanda harshensu ma mai karin sauti ne. Don haka yaron Bahaushe mai dashe yana bukatar a riƙa sa masa kalma cikin jimla, yana ganin abin da a ke nufi, har ma'ana ta zauna. Karatun leɓe kaɗai kuwa ba ya isa. Malam ya tsaya gaban madubi ya ce bari, ya ce ɓari, ya ce mari, zai ga leɓunansa abu guda suka yi sau uku.

Wane ne malamin wannan yaro? Uwarsa ce, da kakarsa, da yayyensa. Gwanin koyar da magana, in an same shi, sa'a guda zai ba yaro a mako, sauran sa'o'in duka na gida ne. Aikin ba ya bukatar boko. A sa wa yaro na'urarsa tun farkawa har barci. Uwa ta riƙa faɗin abin da ta ke yi tana kusa da shi: ga ruwa, zan zuba ruwa, ruwa ya zube. Ta yi magana ta dakata, ta ba shi wuri ya amsa ko da da gurnani ne. A yi masa tatsuniya da wasan tafa hannu da waƙar raino. A kashe rediyo in ana magana da shi. Kowace safiya a tsaya bayansa a furta sauti shida da Daniel Ling, wani malamin kurame da ya yi aiki a Kanada, ya tsara, su ne mm, uu, aa, ii, shsh, ss, a ga ko ya ji kowanne. In jiya ya ji ss yau bai ji ba, to, na'ura na da matsala. A kuma yi masa harshen da a ke yi a gidan, Hausa ne ko Fulatanci ko Zabarmanci. Ba hikima ba ce uwa ta bar harshen da ta ƙware a kai ta riƙa yi wa ɗanta guntun Turanci.

Yanzu sai mu faɗi mai ɗacin. Kuɗin wannan na'ura miliyoyin naira ne, daga waje a ke sayo ta, manomin albasa na Aliero ko ɗan tireda na kasuwar Jega ba zai iya shi kaɗai ba. Bayan aiki kuma hidima ba ta ƙare ba. Akwai batir da cajinsa a garin da wuta ba ta zama, akwai wayar da kan tsinke, akwai ƙurar hunturu da gumin bazara masu lalata kashin waje, akwai kuɗin mota zuwa wurin masu daidaitawa. Na'urar da ta mutu aka rasa gyara ta mai da yaro inda ya fito. Saboda haka ba mu ba kowa shawara ya sayar da gona ya yi dashe, sai ya tabbata wa zai riƙa daidaita na'urar, ina za a sami kayan gyara, wa kuma zai koya wa uwa aikinta. Attajiri ko ɗan siyasa da ya ɗauki nauyin aiki don a ɗauki hoto, ya janye hannu bayan wata uku, bai gama taimako ba.

Gaskiya ita ce yawancin kuramen yaranmu ba za su sami dashe ba nan kusa, ba kuwa daidai ba ne a bar su ba harshe ana jiran abin da ba ya zuwa. Ƙasar Hausa tana da maganar hannu tun kaka da kakanni, cikakken harshe ne mai ƙa'idodinsa, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kansa cikin 2000. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano tun 1977, akwai ta A. A. Raji a Sakkwato. Yaron da ya sami maganar hannu tun yana ƙarami hankalinsa na buɗewa, ya yi tambaya a ba shi amsa, ya san sunan abubuwa, in dashe ya zo daga baya ya tarad da harsashi. Shi ma mai dashe, in ya cire na'ura zai yi wanka ko batir ya ƙare, kurma ne, hannu zai cece shi. Abin tsoro shi ne yaro ya kai shekara shida ba maganar baki ba ta hannu.

Ga abin da mu ke roƙo. Na farko, ga akawuna da ma'aikatan sashen lafiya na ƙananan hukumomin nan uku: duk yaron da aka sallama bayan sanƙarau a rubuta sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensu da ranar sallama cikin rajista ta musamman. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin Afrilu 2025 sun ce a gwada jin mai jinya kafin a sallame shi, in bai yiwu ba a yi cikin mako huɗu. Inda ba kayan gwaji, a ba uba takardar turawa a hannu zuwa sashen kunne na babban asibiti a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna cikin 1999. Bayan wata guda a aika wa dagaci ya bincika ko an je. Tsofaffin akawunan En'e sun san kowane mai biyan haraji da kowace saniyar jangali a gundumarsu, da alƙalami da takarda kawai. Magadansu ba za su kāsa riƙe sunayen yara 'yan ƙalilan ba.

Na biyu, ga malaman makaranta, na boko da na allo: yaron da ya dawo daga jinya ya zama shiru, ko ya riƙa kallon bakin malam, ko ya daina amsa kira, kada a ce taurin kai ne a kai masa bulala. A tsaya bayansa inda ba ya gani a kira shi da murya madaidaiciya, a gwada kowane gefe. In da shakka a kira uban a gaya masa, a rubuta wa hedimasta. Mai na'ura kuma a zaunar da shi gaba, malam ya fuskance shi in zai yi magana, kada ya yi bayani ya ba aji baya yana rubutu a allo, a kuma hana yara taɓa masa na'ura ko dukansa a kai.

Na uku, ga ungozomomi da malaman asibiti: ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko aka haife shi bakwaini, ko a danginsu akwai kurame, shi ya fi cancanta a tura. Uwa in ta ce ɗanta ba ya ji, a gaskata ta, kada a ce mata nauyin baki ne irin na gidansu.

Na huɗu, ga Gwamnatin Jiha da shugabannin ƙananan hukumomi: dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu cikin Janairu 2019 ta ba yaran nan haƙƙin ilmi da lafiya. Abin da zai fi amfanar jama'a da kuɗi kaɗan shi ne a sa na'urar gwajin ji a manyan asibitocin Jega da Aliero da Maiyama, a horad da masu aiki da ita, a tura 'yan ƙasa su koyo aikin gwajin ji da koyar da magana, a kuma sa malamin maganar hannu aƙalla a firamare guda cikin kowace ƙaramar hukuma. In za a ɗauki nauyin dashe, a sa kuɗin gyara da batir na shekaru cikin kasafi tun farko.

Daga ƙarshe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya tsare ta. Allurar sanƙarau da ta ƙyanda, da kai yaro asibiti ran da zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka bayyana, da maganin kunne mai zubar da ruwa tun bai daɗe ba, da barin yin allura barkatai a hannun wanda ba likita ba, duk sun fi dashe araha nesa ba kusa ba. Rigakafi ya fi magani. Rani na tafe kamar yadda ya saba, muna fata kafin ya iso kowane akawu ya riga ya ja layi cikin rajistarsa, kowane malami kuma ya san yaran ajinsa da ba su waiwayowa in an kira su. Allah ya tsare mana zuriya, ya sa mu dace, amin.